Yadda Ake Gano Matsala Idan Umarni Ya Ƙi Aiki a Sabar Wayar Intanet

Wannan bayani na wanda aka damƙa wa kula da sabar wayar intanet ne a ofis ko asibiti ko otal, ko a Garwa yake ko Marwa ko Ngaundare ko N'Djamena, wanda ya zauna gaban baƙin allo ya rubuta umarni amma umarnin ya ƙi ci. Zan tsaya a kan Asterisk, manhajar da Mark Spencer ya ƙirƙira a 1999, wadda take hannun kamfanin Sangoma tun da ya sayi Digium a 2018, tare da FreePBX, shafin gudanarwa ta burauza da ake ɗorawa a kanta.

Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne, umarnin da kake rubutawa ɗan aike ne kawai tsakaninka da Asterisk. Yana iya yiwuwa ɗan aiken bai tashi ba, ko ya tashi bai isa ba, ko ya isa amma wanda aka aike shi wurinsa bai gane saƙon ba, kuma kowanne da maganinsa daban. Mai gaggawar kashe sabar ya sake kunnawa kafin ya bambance waɗannan yana yanke kiran mutanen da suke kan layi, yana kuma share shaidar da za ta nuna masa inda ciwon yake.

Shiri kafin a taɓa komai

Idan daga nesa kake shiga ta SSH, misali kana Garwa sabar tana reshen ofis a Kusiri, fara buɗe `tmux` ko `screen`, domin idan intanet ta yanke a tsakiyar aiki, abin da kake yi zai ci gaba da gudana a can har ka dawo. Sannan ka kwafi saitin gaba ɗaya da `cp -a /etc/asterisk /root/ajiyar-saiti` kafin ka canza ko harafi ɗaya. Yawancin na'urorinmu an girka su ne da Faransanci, saboda haka za ka riƙa ganin saƙonni irin su "commande introuvable" ko "Permission non accordée", alhali Asterisk kanta da Turanci take ba da rahoto. Rubuta `export LC_ALL=C` a farkon zama yana sa saƙonnin Linux su fito da Turanci su ma, wanda zai sauƙaƙa maka daidaita su da takardun bayanin manhajar.

Mataki na farko: ba a sami umarnin ba

Idan amsar ita ce "command not found", matsalar ba ta kai ga Asterisk ba tukuna. Shirin yana zaune ne a `/usr/sbin/asterisk`, kuma wannan wuri ba ya cikin hanyoyin da ake nema wa asusun da ba na root ba, wato babban asusu mai cikakken iko a kan na'urar. A Debian, tun daga siga ta 10, shiga da `su` kaɗai ba ya ƙara `/usr/sbin`, sai an rubuta `su -` da ɗan layin a gaba. Wannan dalilin ne kuma yake sa rubutun da yake aiki lafiya a hannunka ya ƙi aiki a cikin `cron`, shirin da yake gudanar da ayyuka da kansa a lokacin da aka tsara, domin `cron` yana duba `/usr/bin` da `/bin` ne kawai. A cikin duk wani rubutu mai gudana da kansa, rubuta cikakkiyar hanyar shirin.

Ka kuma gwada `type -a asterisk`. Idan ya nuna wurare biyu, to an taɓa girka manhajar sau biyu, ɗaya daga ma'ajiyar tsarin ɗaya kuma an harhaɗa ta da hannu, kuma za ka iya kasancewa kana kiran wadda ba ita take aiki ba.

Mataki na biyu: an kasa haɗuwa da Asterisk

Nan ne mafi yawan aikin yake. Saƙon da aka fi gani shi ne "Unable to connect to remote asterisk (does /var/run/asterisk/asterisk.ctl exist?)". Umarnin `asterisk -r` ba ya tayar da sabar, yana haɗuwa ne da wadda take gudana ta wani fayil na musamman da ake kira soket, wato `asterisk.ctl`. Saƙon ba ya nufin lallai sabar ta mutu, abin da yake faɗa kawai shi ne ba a iya buɗe wannan fayil ba. Saboda haka tambayar farko ita ce ko shirin yana raye, kuma `pgrep -a asterisk` zai amsa. Ana iya ƙarawa da `systemctl status asterisk`, amma a kan FreePBX kada ka dogara da shi, domin a can `fwconsole start` ne yake tayar da Asterisk, kuma `systemctl` yana iya cewa ba ta aiki alhali wayoyi suna ta ƙara.

Idan shirin yana raye, duba soket ɗin da `ls -l /var/run/asterisk/`. Fayil ɗin yana nan amma ba ka da izini a kansa, wannan shi ne abin da ya fi faruwa. Gwada da `sudo`. Idan ya shiga, ka tabbatar izini ne. Gyaran da ya dace shi ne a buɗe `/etc/asterisk/asterisk.conf`, a sashen `[files]` a sa `astctlpermissions = 0660` da `astctlgroup = asterisk`, sannan a shigar da ma'aikacin cikin rukunin da `usermod -aG asterisk sunansa`, ya fita ya sake shiga. Canjin soket ɗin ba zai kama ba sai an sake tayar da Asterisk, don haka a ajiye shi zuwa lokacin da babu kira. Ban yarda da saurin sa `chmod 777` a kan wannan fayil ba ko kaɗan, domin duk wanda ya iya buɗe shi ya sami cikakken iko da sabar, har da yin kiran ƙasashen waje da kuɗin ofis.

Idan kuwa shirin yana raye amma babu soket a wurin da ake nema, duba layin `astrundir` a sashen `[directories]` na fayil ɗin nan. Akwai wani tarko a nan: a fayil ɗin misali da yake zuwa da manhajar an rubuta `[directories](!)`, kuma wannan alamar motsin rai da ke cikin baka tana mai da sashen ya zama samfuri kawai, wanda ba a aiki da shi. Duk abin da ka gyara a ƙarƙashinsa ba zai yi tasiri ba sai ka cire alamar. Kafin nan, `ss -xlp | grep asterisk` zai nuna maka inda soket ɗin yake a zahiri, kuma za ka iya shiga da `asterisk -r -s` tare da cikakkiyar hanyarsa.

Idan shirin ya mutu, a yankinmu zargin farko yana kan wuta. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 a Garwa da N'Djamena, kuma ɗauke wuta yake yawaita, sabar takan mutu ba tare da an kashe ta bisa ƙa'ida ba, musamman a 'yan daƙiƙun da ke tsakanin ɗauke wuta da tashin janareta idan batirin ajiye wuta ya tsufa. Irin wannan mutuwar tana barin ɓarna iri-iri, kuma ga yadda ake bin su ɗaya bayan ɗaya.

Fara da `journalctl -u asterisk -b` da kuma ƙarshen kundin rahoto, wanda yake a `/var/log/asterisk/`, sunansa `messages` ko `messages.log`, a FreePBX kuma `full`. Sannan duba faifai da `df -h` da `df -i`. Na farkon yana nuna sarari, na biyun yana nuna adadin fayilolin da faifan zai iya ɗauka, kuma yana iya ƙarewa alhali sarari yana nan idan ƙananan fayiloli sun yi yawa. Wuraren da suka fi cika su ne `/var/spool/asterisk/monitor`, inda ake ajiye muryoyin kiran da aka naɗa, da kundin rahoton kansa idan wani ya kunna cikakken bincike ya manta bai kashe ba. Idan za ka rage kundin rahoto alhali wani shiri yana rubutu a cikinsa, goge shi da `rm` ba zai dawo da sarari ba, domin shirin yana riƙe da shi. Yi amfani da `truncate -s 0` a kansa. Muryoyin da aka naɗa kuwa, a kwashe su zuwa wani faifai bayan an nemi izinin shugaban ofis, domin dukiyar ofis ce.

Bayan haka duba ko faifan ya koma yanayin karatu kawai, abin da Linux take yi don kare bayanai idan ta ga kuskure a kansa. `touch /var/tmp/gwaji` zai gaza da "Read-only file system", kuma `dmesg | tail -50` zai nuna dalili. Wannan yana buƙatar `fsck`, shirin duba faifai da gyara shi, wanda ba a gudanar da shi a kan faifan da ake aiki da shi, sai an tayar da na'urar a yanayin ceto, wato sai da mutum a gabanta. Idan kurakuran suna maimaituwa, faifan ne yake mutuwa, kuma zafi da ƙurar hunturu da take toshe fanka suna gaggauta hakan.

Akwai kuma babban fayil na `/var/run/asterisk` kansa. Wurin nan a cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi yake, ana share shi duk lokacin da na'ura ta tashi. Idan Asterisk tana tashi da asusun da ba shi da ikon ƙirƙirar sa, za ta yi aiki yau, gobe bayan an ɗauke wuta ta ƙi. Maganin dindindin shi ne a ƙirƙiri `/etc/tmpfiles.d/asterisk.conf` da layi ɗaya, `d /run/asterisk 0750 asterisk asterisk -`, sannan a gudanar da `systemd-tmpfiles --create`.

Wata ɓarnar kuma hannun mutum ne yake jawo ta. Wanda ya rubuta `asterisk` kaɗai da asusun root alhali sabar tana kwance, ya tayar da ita ne a matsayin root, kuma fayilolin da za ta ƙirƙira za su zama mallakar root. A tashi na gaba, da asusunta na yau da kullum, ba za ta iya rubutu a cikinsu ba. Gyaran shi ne `chown -R asterisk:asterisk` a kan `/etc/asterisk` da `/var/lib/asterisk` da `/var/log/asterisk` da `/var/spool/asterisk` da `/var/run/asterisk`, a FreePBX kuma `fwconsole chown` ya wadatar. A cikin `/var/lib/asterisk` akwai ƙaramin rumbun bayanai mai suna `astdb.sqlite3`, wanda ake gwada lafiyarsa da `sqlite3 /var/lib/asterisk/astdb.sqlite3 "pragma integrity_check;"`. Amsar da ake so ita ce "ok". Idan ya lalace, dawo da shi daga ajiya ya fi, domin ko da yake Asterisk za ta ƙirƙiri sabo idan aka matsar da tsohon gefe, abin da aka adana a ciki, kamar karkatar da kira, zai ɓace.

Idan duk wannan bai bayyana dalili ba, tayar da ita a gabanka ka ga inda take faɗuwa: `asterisk -U asterisk -G asterisk -cvvv`. Layukan ƙarshe kafin ta tsaya su ne amsar. Ka tuna cewa a wannan yanayin sabar tana rataye ne da allonka, saboda haka idan ka gama ka tsayar da ita da `core stop now` ka tayar da ita ta hanyar da aka saba.

Mataki na uku: an shiga, amma ana cewa babu irin wannan umarni

Saƙon "No such command" yana da dalilai uku da na sani. Na farko alamomin zance ne. Dole ne a rubuta `asterisk -rx "pjsip show endpoints"` da alamomin zance miƙaƙƙu. Idan babu su, kalmar farko kaɗai ce za ta isa. Umarnin da aka kwafo daga takardar Word ta Faransanci yakan zo da « » ko lanƙwasassun alamomi, waɗanda Linux ba ta ɗauka a matsayin alamar zance, don haka a sake buga su da hannu.

Na biyu bambancin siga ne. Tsofaffin bayanai da yawa suna koyar da `sip show peers`, wanda na tsohon sashen `chan_sip` ne. An kawo PJSIP, sabon sashen da ya maye gurbinsa, a Asterisk 12, an ayyana `chan_sip` a matsayin wanda za a daina a siga ta 17, aka cire shi gaba ɗaya a siga ta 21 da ta fito a 2023. Duba sigarka da `core show version`, kuma idan sabuwa ce, abin da kake nema shi ne `pjsip show endpoints` da `pjsip show contacts` da `pjsip show registrations`.

Na uku shi ne sashen da yake ɗauke da umarnin bai hau ba, domin kowane sashe ne yake kawo nasa umarnin. `module show like pjsip` zai nuna waɗanda suka hau da waɗanda aka rubuta musu "Not Running". Gwada `module load res_pjsip.so` kana kallon allon da ka buɗe da `asterisk -rvvv`, ka kuma duba `modules.conf` ko akwai layin `noload` da ya hana shi. Idan rahoto ya ce "Address already in use", wani shiri ya riga ya kama ƙofa ta 5060, kuma `ss -lunp | grep 5060` zai faɗi sunansa. A tsofaffin sigogi sau da yawa `chan_sip` ne da PJSIP suke neman ƙofa ɗaya. Haka nan idan sabar ba ta gama tashi ba, wasu umarnin ba su iso ba tukuna, shi ya sa rubutun da yake gudana a farkon tashi ya kamata ya fara da `asterisk -rx "core waitfullybooted"`.

Umarnin da ya tsaya cak ba amsa, musamman a lokacin da intanet ta yanke, yawanci neman sunan yanki ne ya riƙe shi. Tsohon `chan_sip` ya shahara da tsayawa yana jiran DNS, wato tsarin da yake fassara sunan yanki zuwa adireshi, har wayoyin cikin gida su daina aiki. Girka `dnsmasq`, ƙaramin shiri mai ajiye amsoshin DNS, a kan sabar yana rage wannan.

Mataki na huɗu: `fwconsole` da ƙofar gudanarwa

`fwconsole`, wanda ya maye gurbin `amportal` tun FreePBX 13, yana dogara da abubuwa biyu, rumbun bayanai na MariaDB da ƙofar gudanarwa ta AMI. Idan kuskuren yana ɗauke da "SQLSTATE" da lamba 2002, rumbun bai tashi ba, sai a duba `systemctl status mariadb`. Idan lambar 1045 ce, suna ko kalmar sirri da ke cikin `/etc/freepbx.conf` ba su dace da na rumbun ba. Bayan mutuwar wuta, gudanar da `mysqlcheck --check --databases asterisk asteriskcdrdb`; zaɓin `--repair` yana gyara tebura nau'in MyISAM, amma ba ya aiki a kan nau'in InnoDB.

AMI tana sauraro a ƙofa ta 5038. Rubuta `nc 127.0.0.1 5038`, kuma idan tana aiki za ka ga layin da ya fara da "Asterisk Call Manager". Idan babu amsa, duba `manager show settings` da layin `enabled = yes` a `manager.conf`. Idan ta amsa amma ta ƙi karɓar shiga, kalmar sirrin da ke `manager.conf` ta saɓa da wadda FreePBX ta adana a saitin `AMPMGRPASS`, ko kuma layukan `permit` da `deny` sun hana adireshin. Kalmar sirrin AMI tana tafiya a fili ba ɓoyewa, saboda haka kada a buɗe wannan ƙofa ga intanet don sauƙin aiki daga nesa, a bi ta cikin SSH ko VPN. A kuma tuna cewa `fwconsole reload` yana sake rubuta fayilolin da sunansu ya ƙare da `_additional.conf`, don haka gyaran hannu yana zama ne a waɗanda suka ƙare da `_custom.conf`.

Mataki na biyar: umarni yana aiki, kira ba ya tafiya

Yanzu kayan aikin sun dawo, sai a yi amfani da su. Kunna `pjsip set logger on`, yi kira ɗaya na gwaji, ka karanta lambar amsa, sannan ka kashe da `pjsip set logger off` don kada faifai ya cika. Shirin `sngrep` yana nuna wannan musayar a tsare, ya fi sauƙin karatu. Amsar 401 a karon farko al'ada ce, neman shaida ne kawai. Maimaituwarta ko 403 ita ce alamar an ƙi shaidar. Lamba 404 tana nufin ba a gane lambar da aka kira ba, kuma a nan tsarin lambobinmu yana da muhimmanci: lambobin Kamaru tara ne bayan 237, na Chadi takwas ne bayan 235, kuma ƙa'idar kira da aka rubuta don ɗaya ba za ta kama ɗayan ba. `dialplan show` tare da lambar da sunan sashen kira zai nuna layin da ya kama ta. Lamba 488 rashin jituwa ne a kan tsarin murya, sau da yawa ana buƙatar `alaw` ne a jerin `allow`.

Kiran da ake ji ta gefe ɗaya kawai, ko wanda yake yankewa bayan daƙiƙa 32, matsalar NAT ce, wato yadda na'urar rarrabawa take musanya adireshin cikin gida da na waje. A sashen `transport` na `pjsip.conf` a cika `external_media_address` da `external_signaling_address` da `local_net`, a kan wayoyin da suke waje kuma a sa `rtp_symmetric=yes` da `force_rport=yes` da `rewrite_contact=yes` da `direct_media=no`, a kuma buɗe ƙofofin murya da aka rubuta a `rtp.conf`, waɗanda bisa al'ada daga 10000 zuwa 20000 ne ta UDP. Idan ofis yana amfani da intanet ta katin waya, kuma adireshin da na'urar rarrabawa ta samu yana tsakanin 100.64 da 100.127, to babu adireshin waje na ofis shi kaɗai, kuma buɗe ƙofa ba zai yi amfani ba, sai VPN ko a nemi tsayayyen adireshi daga mai ba da intanet.

Idan reshe guda ya ɓace gaba ɗaya lokaci ɗaya, duba `fail2ban-client status`, umarnin shirin da yake toshe adireshin da ya yawaita kuskuren shiga, domin waya ɗaya mai kuskuren kalmar sirri tana iya sa a toshe adireshin reshen duka. Ana cire toshewar da `fail2ban-client set` sai sunan rukunin toshewar, sai `unbanip` da adireshin, amma a gyara wayar tukuna, in ba haka ba za a sake toshewa. Duba agogo ma da `timedatectl`, domin na'urar da ƙaramin batirin agogonta ya mutu tana tashi da kwanan wata na baya, sai takardun shaidar TLS, tsarin ɓoye sadarwa, su ƙi karɓuwa. Yankin lokacin shi ne `Africa/Douala` a Kamaru, `Africa/Ndjamena` a Chadi.

Lokacin sake tayarwa

Yawancin gyare-gyare ba sa buƙatar kashe komai: `dialplan reload` da `pjsip reload` da `manager reload` suna ɗaukar sabon saiti alhali mutane suna magana. Canjin `asterisk.conf` da na sashen `transport` su ne suke buƙatar sake tashi. Duba `core show channels` ka ga ko akwai masu kira, sannan ka yi amfani da `core restart when convenient`, wanda yake jira har layi ya zama babu kowa, ko `core restart gracefully`, wanda yake daina karɓar sabon kira yana barin waɗanda suke kai su gama. A asibiti ko wurin da ake karɓar kiran gaggawa, na farkon ya fi dacewa, kuma a sanar da masu karɓar waya kafin a fara. Bayan an tashi, tabbatar da `core show uptime` da `pjsip show registrations`, ka yi kira ɗaya zuwa waje da ɗaya daga waje. Sannan a zaɓi wani lokaci bayan an tashi aiki a kashe na'urar gaba ɗaya bisa ƙa'ida a sake kunna ta, a ga ko Asterisk da MariaDB da soket ɗin sun dawo da kansu ba tare da an taɓa su ba.